Feshin maganin sauro a bango: magani ya yi, mai feshi ya ɓata rawarsa da tsalle

Maganin dai ba ni da ƙorafi a kansa. Pirimiphos-methyl ne, irin wanda ake son giram 1 na sinadarin ya zauna a kowane murabba'in mita na bango, ya yi watanni yana aiki. Ɗakuna biyun da aka fesa yadda ya kamata, washegari aka fara share matattun sauro da kyankyasai, kuma har damina ta fita gwajin jini bai nuna maleriya a jikin yaran da ke kwana a ciki ba. Warin yana da ƙarfi, amma wannan abin haƙuri ne.

Ɗaki na uku ne ya ɓata min rai. Bakin feshin ya toshe, sai mai aikin ya zaro waya ya soka a ramin. Bakin nan mai lamba 8002E an ƙera shi ne ya fitar da ruwa a baje kamar mafici, faɗin santimita 75 idan yana nesa da bango da santimita 45. Da zarar ƙarfe ya faɗaɗa ramin, ruwan ya koma tsartuwa: tsakiya ya jiƙe har yana zuba ƙasa, gefe a bushe. Da ruwa da burushi mai laushi ake wanke shi, ko a sauya sabo. Toshewar ma shi ya jawo ta, don bai tace ruwan ba kafin ya zuba a tanki. Tankin nasa ba shi da na'urar daidaita matsi, kuma allurar ma'aunin matsin ta sauka ƙasa da 25 psi (awon ƙarfin matsin iska) bai ƙara iska ba. Kowane layin feshi ya kamata ya hau na kusa da shi da santimita 5, nasa kuwa da giɓi a tsakani. Silin da bayan kabad ko kallonsu bai yi ba.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai ɗakin ya ɗauki wari, shi ke nan. Wari ba ya kashe komai a nan. Macen sauron Anopheles idan ta sha jini takan yi nauyi, ta sauka a bango ko silin ta huta, a nan ƙafafunta ke kwasar gubar. Ƙwayar cutar kuma sai ta yi kwana 10 zuwa 14 a cikin sauron kafin ta kai ga yawunsa. Aikin feshin shi ne sauron ya mutu kafin wa'adin ya cika, don haka duk inda aka tsallake ya zama mafakarsa. Shi ya sa ma ake son feshi ya game aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen yanki.

Mako shida bayan feshin, mai kwana a ɗaki na ukun ya kwanta, gwaji ya tabbatar da maleriya. Da a makon farko ko na biyu ne, da na ce tsohon cizo ne, tunda cutar kan ɗauki kwana 7 zuwa 30 kafin ta bayyana. Ana iya cizon mutum a waje da yamma, na yarda, amma a wannan ɗakin kaɗai ake ganin sauro zaune lafiya a bango da safe.

Da niyyar ba masu feshin maki huɗu cikin biyar na fara rubutun nan, sai na tuna ko bayani ba su yi wa mutanen gida ba. Ba su ce a zauna waje awa 2 ba, ba su ce a buɗe tagogi na minti 30 kafin a shiga ba, balle a binne matattun ƙwari kada dabbobi su ci. Ba su hana wanke bango ko yi masa fenti ba, ba su ce a ci gaba da kwana a gidan sauro ba. Biyu na ba su. Sun yi alkawarin dawowa su sake ɗakin da sabon baki, har yau shiru.