Parallels ko CrossOver: wanne zai buɗe maka Access a kan MacBook?

Malam Sani, ka tambayi wacce manhaja za ka sa a MacBook tsakanin Parallels da CrossOver. Tunda lissafin kayan shagonka a cikin Access yake, wato manhajar Microsoft ta ajiye bayanai, kuma Microsoft ba su taɓa yin Access na Mac ba, to Parallels za ka ɗauka. Bari in gaya maka dalili.

Ni ma nan Yamai nake sayar da kayan gyaran mota, kuma shekara biyu ke nan ina aiki da Parallels a kan MacBook Air mai M1, wato ƙwaƙwalwar inji ƙirar Apple. Abin da yake yi, Windows 11 gaba ɗaya yake ɗorawa a cikin Mac ɗin, kamar ka keɓe ɗaki guda a cikin gidanka ka sauke baƙo. Shi da kansa yake sauko da Windows ɗin daga intanet, sai dai ka tanadi data mai yawa, ko ka bari sai dare inda layi ya fi kyau. Ranar da na gama sa shi, na kwafo fayil ɗin shagona daga tsohuwar kwamfuta, gabana na faɗuwa, don bashin mutane na shekara shida yana ciki. Na danna, ya buɗe. Sunan kowane mai gareji da abin da ake bin sa, ba wanda ya ɓata. Wallahi sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har yaron shagona ya waiwayo. Yanzu Access yana zaune a ƙasan allo kusa da Safari, manhajar shiga intanet ta Mac, ba na ma ganin fuskar Windows. In an ɗauke wuta da tsakar rana batir yana kai ni har la'asar, ko da yake a zafin Afrilu injin yana ɗumi sosai tunda Air ba ta da fanka.

Kuɗinsa fa akwai: wajen dalar Amurka 100 duk shekara, da katin Visa ake biya, ga lasisin Windows daban. Amma tun 2023 Microsoft suka amince da shi a hukumance don Mac masu M, irin su M1, wannan ya kwantar mini da hankali.

CrossOver kuwa ba ya sa Windows, umarnin manhaja kawai yake fassara wa Mac. Ba ka sayen lasisin Windows, wannan gaskiya ne, kuma masu wasannin kwamfuta suna yabon sa. Amma wata manhaja ta buɗe, wata ta ƙi, wata ta buɗe rabi. Ni dai ba zan ɗora littafin bashina a kansa ba.

Kada kowa ya ce maka Boot Camp, hanyar Apple ta ɗora Windows kai tsaye a kan Mac. Wannan na tsofaffin Mac ne masu ƙwaƙwalwar kamfanin Intel. Tun da Apple suka koma M1 a ƙarshen 2020 babu shi. Danna tambarin tuffa a sama ta hagu ka duba bayanin injin, za ka ga wace iri ce taka, da RAM nawa, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita. Nan ne na yi kuskure da farko: na sayi mai 8 GB don sauƙin kuɗi, Windows ya cinye rabi, komai ya riƙa ja da ciki, sai da na sayar da ita da asara na nemi mai 16.

Ka kuma yi hattara da wasu masu gyara a kasuwa. Wani zai ce kawo jika goma in sa maka Parallels na har abada. Na sata ne da aka fasa, ranar da Mac ta sabunta kanta yana iya tsayawa, kuma ba ka san abin da aka cusa ciki ba, ga sirrin kasuwancinka. Wani kuma ya ce zai ƙara maka RAM. Ƙarya ce, a Mac masu M haɗe yake da ƙwaƙwalwar injin, ba ya ƙaruwa.

Ka sauko da Parallels daga shafinsu, suna ba da gwajin kwana 14 kyauta. A cikin kwanakin nan ka jona firintar rasit ɗinka ka gani ko tana bugawa, don Windows ɗin da ke hawa kan M ba ya karɓar direbobin tsofaffin firinta, wato manhajojin da ke sa su aiki. In kuɗin shekarar ya yi maka nauyi, VMware Fusion ya zama kyauta tun 2024, aiki iri ɗaya yake yi, sai dai haɗa shi ya fi wahala. Tsohuwar kwamfutar ka riƙe ta tukuna har ka rufe lissafin wata guda a kan sabuwar.