Takardun aikin Bakolori: Bankin Duniya za a tambaya ko gwamnati?

Alhaji, ka ce ƙungiyarku ta masu noman rani a Talata Mafara na son ganin takardun gyaran hanyoyin ruwa na Bakolori, kana tambaya wace ƙofa za ku ƙwanƙwasa. Shawarata ku fara da Bankin Duniya, ku ƙare da gwamnati, domin abin da ke hannun kowanne daban ne.

An yi aikin ne a ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani a Najeriya, da rancen da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Tun 1 ga Yuli 2010 bankin ya bi ƙa'idar cewa duk takardar da ba ta cikin jerin abubuwan da aka keɓe, ta jama'a ce. Mafi yawansu ma ba sai an roƙa ba. A sa lambar aikin, P123112, a shafinsu na intanet, za a ga takardar tsara aikin, da ta tsarin biyan diyya, da rahoton da ma'aikatansu suka riƙa fitarwa lokaci-lokaci suna auna ko aiki na tafiya. Wannan rahoton na fi so ku karanta, don a nan ake ganin nawa aka saki, me aka yi alkawari, me ya makara. Da Turanci suke, kuma da tsawo. Ni ɗan ƙanena na zaunar a zaure, yana karantawa a waya yana fassara mana shafi-shafi har la'asar. Abin da ba a wallafa ba, a rubuta musu: suna amsawa cikin kwanakin aiki 20, in sun hana akwai ɗaukaka ƙara hawa biyu, na biyun gaban mutanen waje. Kotunmu dai ba ta tilasta musu, kuma ba sa ba da muhawararsu ta cikin gida ko bayanan mutum na kansa.

Gwamnati kuwa ita ta ci bashin, ita ta ba da kwangila, ita ke riƙe da takardun biya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma in an hana kana da kwana 30 ka je kotu. A rubuce ta fi ta bankin haƙora. A aikace sai da naci. Na taɓa kai wasiƙa wani ofis, wata biyu shiru, saboda ban karɓi shaidar cewa wasiƙar ta shiga hannunsu ba.

Don haka ku ɗauko sunan kwangila da adadin kuɗi daga takardun bankin, ku sa su cikin wasiƙar da za ku kai Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Tsaftar Muhalli ta Tarayya ko hukumar kogunan Sokoto-Rima. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku kafin ku fito.