Labarin Tumatirin Holand, Zuwa ga Kawu a Kadawa

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan noman rani ya yi albarka. Kun ce in ba ku labarin tumatirin ƙasar nan ba tare da ƙarin gishiri ba, to ga shi.

A Westland inda nake aiki, gonakin duk ɗakunan gilashi ne, iyakar ganin ido. Tumatir ba ya taɓa ƙasa. Saiwarsa tana cikin wani abu mai kama da auduga, ruwa da taki suna ɗiga masa da awo, wanda ya tsiyaye kuma a tace a mayar masa. Kwamfuta ce ke buɗe tagogi, ta ƙara ɗumi ko ta rage. Mu namu tsinka da yankan ganye.

Jami'ar Wageningen ta fara wata gasa a 2018, inda ake barin ƙirƙirarriyar basira, wato na'ura mai koyo da yanke shawara da kanta, ta kula da gona daga nesa. Da kokwamba aka fara. Zagaye na biyu, da aka kammala a 2020, ƙananan tumatir aka noma, kuma masu na'urar sun fi gogaggun manoma riba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a nan kowane abinci yana da asali. Ƙwai ɗaya in kun ɗauka, akwai lamba a jikinsa da ke nuna ƙasar, da gonar, da ko kazar a sake take ko a keji. A kantin Albert Heijn, kaza ko kifi in ya kusa wuce wa'adi, na'ura ce ke lissafi ta rage farashi da kanta, don a saye kafin a zubar.

A nan na gane dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda maganin ƙwari irin fiya-fiya da aka samu ya wuce kima. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da ana iya bin buhu har rumbun da ya fito, da laifin wasu bai shafi manomin da bai ji ba bai gani ba.

Ɗanɗano kam, namu ya fi nesa ba kusa ba. Nasu kyan gani, amma in an yi miya sai ruwa. Namu kuwa, rabonsa kwando a kan kwando, kwana da kwanaki cikin rana kafin ya isa kasuwar Mile 12 ta Legas, na ƙasa ya zama kunu. Kafin kwamfuta, akwatunan roba da ɗakin sanyi muke buƙata.

Don Allah ku tambayo mini kuɗin akwatin roba guda ɗari a Kano, da ko direbobi za su yarda su dawo da su wofi daga Legas. Ƙarshen wata zan turo abin da ya sawwaƙa. A gaishe mini da Inna da yara.