Kwalar ƙirji daga hannun wani baduku a Agege

Masu keken doki na haya a Legas ba mu da yawa, kuma kusan dukkanmu aikin biki muke yi: ango da amarya, mai tuƙi, sai tafiya 'yar kaɗan a kan kwalta a Lekki ko Ikoyi. Ga irin wannan aiki kwalar ƙirji ta wadatar, wato faffaɗar fatar nan da ke ratsa gaban doki. Kwalar wuya mai ƙarafuna biyu a gefe ta jan nauyi ce, kuma gwanjon da ake shigowa da shi daga Turai an ɗinka shi ne don manyan dawakansu. Namu na Arewa ƙirjinsu siriri ne, sai ka ga kwalar tana lilo a wuya tana goge kafaɗa.

Shi ya sa na kai aikin wurin wani dattijon baduku a Agege, mutumin Kano, wanda 'yan bargar Polo Club, kulob ɗin wasan ƙwallon doki, suka yi mini kwatancensa. Sirdi da linzami ya fi ɗinkawa. Da na karanta masa awo a waya sai ya ce, "Alhaji, ai ba a yi wa doki ɗinki daga nesa." Ranar Lahadi ya hau mota ya zo barga da kansa.

A nan ya burge ni. Ya lalubo ƙashin kafaɗa da babban yatsa, ya ɗora ɗaya hannun a gindin maƙogwaro, ya ce tsakanin nan biyu kwalar za ta zauna. In ta yi sama ta shaƙe numfashi, in ta yi ƙasa ta danne kafaɗa, doki ya kasa miƙa ƙafa. A wurin ingarmana tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ya kuma zagaya gaban keken ya duba ko akwai sandar nan mai juyawa da ake ɗaura igiyoyin ja a kanta, don in babu ita kowane taku sai fatar ta zarta ƙirjin kamar zarto. Tawa tana nan, amma ta cije, ya sa aka zuba mata mai.

Kirgin da ya yi aiki da shi mai kauri ne, ninki biyu, ya juya ɗinkin waje ta yadda zare ba ya taɓa jikin doki. Tun kafin damina ake ja da kwalar, ko gashi bai tsige ba.

Inda ya gaza, ƙarafunan ɗauri. Baƙin ƙarfe ya sa, iskar teku kuwa ba ta raga masa, nan da nan tsatsa ta fara cin ramukan fatar. Duk mai zuwa ya sayi na tagulla ko wanda ba ya tsatsa ya kai masa. Ga kuma saɓa alkawari, "gobe in sha Allah" ɗinsa sai da ta kusa ja mini asarar wani biki.

Fumfunar da ke kama kwalar ba laifinsa ba ce, halin fata ne a garin nan. A goge gumi bayan aiki, a shafa mai, a rataye inda iska ke shiga. Wanda ba shi da yaron barga mai wannan haƙuri gara ya nemi ta roba irin ta kamfanin Zilco, ruwa kawai ake watsa mata, sai dai kuɗinta ya ninka na dattijon, kuma ba wanda zai zo barga ya gwada ta a jikin dokinka.