Fulus Ko Pul: Wane Sulen Tagulla Na Mongol Ya Kamata A Fara Saya?

Mai sha'awar tara tsofaffin sulallan tagulla na daulolin Mongol masu rubutun Larabci yakan tarar da kashi uku a hannun dillalai, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi arha shi ne pul, wato sulen tagulla na Golden Horde, daular Mongol da ta mulki yankunan Rasha da Yukren na yau, wanda aka buga da yawa a biranen Sarai da Bulgar da kuma Kirimiya, musamman a zamanin Uzbek Khan (1313 zuwa 1341) da ɗansa Jani Beg. Sai dai da yawansu ba su ɗauke da sunan sarki, kuma fuska ɗaya takan tafi ne ga hoton zaki da rana, ko gaggafa mai kai biyu, ko fure, ta yadda rubutun bai wuce sunan gari da shekara ba. Wanda ke neman kalmar shahada ba zai ƙoshi da shi ba.

A ganina, fulus, wato sulen tagulla na Ilkhanawa, sarakunan Mongol na Iran da Iraki, ya fi cancanta, musamman wanda aka buga bayan musuluntar sarkinsu Ghazan a 1295. A kansa ake yawan samun kalmar shahada, wani lokaci da sunayen khalifofi huɗu kewaye da ita, kamar a kuɗin Sarki Abu Sa'id, yayin da kuɗin Sarki Uljaitu bayan komawarsa Shi'a suke ɗauke da sunan Ali da imamai. Wanda ya saba da karatun allo zai iya bin haruffan da kansa, amma ya dubi gefen sulen da kyau, domin a can ake rubuta gari da shekarar Hijira, kuma can ne bugun yakan kauce ko ya goge. Sule mai karantaccen Tabriz ko Bagadaza ya fi guda uku marasa gefe.

Kashi na uku shi ne jital, ƙaramin sulen da ake jingina wa Chingiz Khan, wanda ya kafa daular Mongol, mai ɗauke da sunan Khalifa al-Nasir na Bagadaza; a bar shi sai ido ya goge, saboda sunan Chingiz Khan na ɗaga farashi, kuma yana jawo jabu.

Kafin a biya, a nemi nauyi da faɗi da hoton fuskoki biyu, a kuma tambayi ta inda sulen ya fito, tunda ƙasashe irin su Iran da Rasha sun taƙaita fitar da kayan tarihi. Koriyar tsatsa mai tauri ba laifi ba ce, amma wadda ke zuba kamar gari idan aka taɓa ta da tsinke tana cin tagullar ne, kuma ba ta tsayawa da kanta.