ORS da zinc ko maganin tsayar da gudawa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ORS ko maganin tsayar da gudawa za ki ba yaro in gudawa ta kama shi. Ki ɗauki ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake narkawa a ruwa, ki haɗa da ƙwayar zinc, kada ki tsaya wani dogon tunani.

Autana yana da wata goma sha huɗu gudawa ta kama shi, kafin dare idanunsa sun faɗa, yana kuka ba hawaye. Na narka leda ɗaya a lita ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce, na ɗora shi a cinya ina ba shi cokali-cokali. Da ya yi amai sai na dakata minti 10, na ci gaba a hankali. Wajen asuba na ji ɗumin fitsari a zanina, wallahi ban taɓa murnar fitsari irin ta ranar ba. ORS ba ya tsayar da gudawa nan take, ruwa da gishirin da jiki ya zubar yake mayarwa, kuma ƙarewar ruwan ce ke kashe yara. Zinc kuwa miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Ko ya warke a kwana uku ki ƙarasa masa, yana rage saurin dawowar ciwon. Nono da abinci kada ki janye.

Maganin tsayarwan na taɓa saya sau ɗaya, cikin yarinyata ya kumbura, na sha faɗa wajen likita. Irin su loperamide ba na ƙananan yara ba ne.

Sai ki yi hattara da wasu masu sayar da magani. Kina cewa gudawa za su jero miki kwalabe uku har da Flagyl, alhali yawancin gudawar yara ƙwayoyin cutar bairos irin su rotabairos ke kawo ta, waɗannan magunguna ba sa taɓa su. Ki duba ranar ƙarewar aiki a jikin ledar, in garin ya dunƙule ki mayar musu. Ki karanta yawan ruwan da aka rubuta, don ba kowace leda ce ta lita ɗaya ba. Wanda kika haɗa in ya kai awa 24 ki zubar.

Amma in kin ga jini a kashin, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, ki goya shi sai asibiti, kina ba shi ORS ɗin a hanya in yana iya haɗiya.