Daredevil na takarda da Daredevil na talabijin

Ɗan'uwa, ka tambaya a zauren nan ko Daredevil ɗin da Netflix ta nuna shi ne dai na littattafan zane na Marvel, da kuma wanda ya kamata ka fara da shi. Tushensu ɗaya: Matt Murdock, lauya a unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York, wanda ke rufe fuska yana yaƙar miyagu da sunan Daredevil. Wani sinadari ya makantar da shi tun yana yaro, jinsa da shaƙarsa suka ƙara kaifi, sannan 'yan daba suka kashe mahaifinsa ɗan dambe saboda ya ƙi faɗuwa da gangan a wasa.

Stan Lee da Bill Everett ne suka ƙirƙiro shi a 1964, da kaya ruwan ɗorawa da yawan barkwanci. Shirin Netflix na 2015 bai bi wannan ba. Ya ɗauko salo mai duhu na marubuci Frank Miller, har baƙaƙen kayan da Charlie Cox, jarumin shirin, ya sa da ƙyallen da ya ɗaure a ido daga labarin Miller na 1993 suke. Jan kayan bai fito ba sai a kashi na 13, ƙarshen zangon farko.

Inda talabijin ta yi zarra a wurina shi ne jiki. A takarda za a lakaɗa masa duka, ka juya shafi ka gan shi yana tsalle a kan bene. A shirin kuwa yana haki, yana jingina da bango, ana ɗinke masa rauni. Faɗan nan na cikin lungu a kashi na 2 ya isa shaida: mutum ne da ƙarfinsa ya ƙare, zuciya kawai ke riƙe da shi don ya ceto yaro. Haka abokin gabarsa Wilson Fisk, wanda Vincent D'Onofrio ya fito a matsayinsa, ƙaton mugu mai kunya a gaban mace, wanda uba ya azabtar. Tsoronsa kake ji, tausayinsa kuma na shigar ka.

Amma makantar, wadda ita ce ƙashin bayan labarin, takarda ta fi iya nuna ta. Masu zane kan jawo da'irori daga kansa, su zana maka bugun zuciyar maƙaryaci, sai ka shiga duniyarsa. Shirin ya fi dogara da sauti da karkata kai, har mai kallo kan manta makaho ne ke faɗan. Wannan rashi ne babba.

Fara da zangon farko na Netflix, sannan ka nemi littafin Born Again na 1986, na Miller da mai zane David Mazzucchelli, kafin ka kalli zango na 3 da ya aro abubuwa da yawa daga cikinsa. Shirin Disney+ na 2025 ya ɗauki wannan suna, amma labarinsa daban ne.